Tsaka Biyu da Kwanon Ƙanwata

Ina da shekara goma sha huɗu lokacin da na yi kiwon tsaka a gidanmu na Gusau. Har yau idan dangi suka taru ana hira, sai an sami wanda zai tono zancen don a yi mini dariya, ni kuma ba na musu, don na yi. Sai dai su akwatin gilashin kawai suke tunawa, da salatin da Kaka ta yi ta rafkawa a tsakar gida. Ba mai tuna cewa a kan kwanon tuwo aka fara rigimar.

Abin ya samo asali ne daga Bungudu, a gidan Kaka, mahaifiyar Babanmu. Mun je hutun Babbar Sallah ni da ƙanwata, wadda take da shekara tara a lokacin. Wata safiya muna zaune a ɗakin Kaka muna shan kunun tsamiya, sai tsaka ta suɓuto daga azara ta faɗa tsulum cikin kofin ƙanwata. Yarinya ce mai son zaƙi, kuma ranar an ci sa'a Kaka ta cika hannu wajen zuba sukari. Ta sa ludayi ta tsame tsakar ta yar, ta kafa kai ta shanye kununta tas. Ni na gani, na yi gum. Kaka ba ta ga komai ba sai tsaka tana gudu a jiƙe tana barin sawun kunu a daɓe, amma wannan ya ishe ta gane sauran labarin.

Aka ɗura wa yarinya nono, aka ɗura mata man shanu, aka jiƙo wata saiwa mai ɗaci aka toshe mata hanci. A wurin Kaka da tsofaffin unguwarsu, tsaka ba abar wasa ba ce. In ta taɓa abincinka kuturta ce, in ta bi ta jikinka kuturta ce, kuma duk wanda ya kashe ta yana da lada. Kaka ba ta wasa da wannan ladan. Takalminta na roba a gefen tabarma yake kwana.

Bayan kamar wata huɗu, wani farin tabo ya fito wa ƙanwata a bayan hannun dama, faɗinsa bai wuce ƙwandala ba. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Baba ya kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗauka, launin fatar ne kawai ya janye a wurin. Ya rubuta man shafawa. Da nan zancen ya ƙare, to amma a wannan tsakanin ne Kaka ta taso daga Bungudu ta dawo wurinmu da zama saboda ciwon gwiwa, kuma a ranar da ta sauka idonta ya faɗa kan hannun.

A gidanmu Baba shi kaɗai yake cin abincinsa a zaure ko da baƙi. Mama ba ta haɗa hannu da surukarta, don kunya. Saboda haka kwanon Kaka namu ne mu jikokinta biyu: tabarma ɗaya, kwano ɗaya, ita a tsakiya tana raba mana nama tana yi mana faɗa in mun yi santi. Rana ta biyu da zuwanta ta aika aka ɗauko wata 'yar langa mai fentin ja a gefe, ta ce daga yau a nan za a riƙa zuba wa ƙanwata, kuma kada a haɗa wankinta da sauran kwanuka.

Ba zan ɗauki alhakin tsohuwa ba. Tsoka mafi kyau a langar nan take sawa, kuma da hannunta take shafa wa yarinyar man likitan da ba ta yarda da shi ba, sannan ta wanke hannun da toka. Tsoro ne ya cika ta, ba ƙi ba. Amma ɗan shekara tara ba ya auna wannan. Ƙanwata ta koma can gefen tabarma, ta ba mu rabin baya, tana cin tuwonta ita kaɗai tana sauri kamar wadda ta sato. Ta fara jan hannun hijabinta yana rufe tabon. Ba a jima ba labari ya kai Islamiyya, 'yan ajinsu suka daina miƙa mata ledar awara. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni mutum ce da in raina ya ɓaci ba na iya kuka, sai dai in nemi abin tsokana.

Na fara da hanyar arziki. Na kai ƙara wurin Baba. Baba ma'aikacin gwamnati ne mai iya tsayawa gaban manya ya yi bayani na awa guda, amma a gaban mahaifiyarsa ko tari sai ya nemi izini. Ya ce in yi haƙuri, za ta sauko. Na ɗauko littafin kimiyyarmu na makaranta na karanta wa Kaka shafin dabbobi masu jan ciki da ƙarfi, ina fassarawa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin tsakar Bungudu ba. Na yi yajin cin abinci, yunwa ta kayar da ni kafin la'asar. Na zura hannu a langar ƙanwata da gangan, Kaka ta sauke mini mafici a wuyan hannu, ta ce ita ba za ta zuba ido ta yi asarar jika biyu ba.

Ana cikin haka wata Asabar Mama ta sa ni kakkaɓe falo. Na ɗaga agogon bango, sai ga ƙwai biyu a manne da bayansa, farare, kowanne bai kai ƙwayar gujiya ba. Na san ko na mene ne. Na tsaya a kan kujera da tsumma a hannu, dabara ta zo mini gaba ɗayanta kamar an raɗa mini a kunne. Tunda Kaka ba ta yarda da takarda ba, zan kawo mata shaida mai ƙafa huɗu. Zan yi kiwon tsaka, in riƙa ɗora su a hannuna kullum har kwana arba'in, ina cin tuwo da Kaka a kwano ɗaya, rana ta arba'in in nuna mata hannuna lafiya lau, in nuna mata nata. Na sa reza na ɓamɓare ƙwan nan biyu a hankali, na shimfiɗa auduga a kwalin ashana na kwantar da su.

Saura wurin ajiya. Mako na zagayowa muka tafi Tsafe suna, gidan Kawu, ƙanen Mama, wanda malamin dabbobi ne. A bayan ɗakinsa akwai wani akwatin gilashi da ya taɓa zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki, ya tsage a kusurwa ya daina riƙe ruwa, kaji suka mayar da shi wurin hutawa. Yayin da mata suke can suna rabon waina, na ja Kawu gefe na faɗa masa gaskiya, don shi kaɗai ne a dangin da ba ya kai rahoto. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya wanke mini akwatin, ya yanko ragar taga ya yi masa murfi, ya gaya mini abin da suke ci da cewa ba sa cin abin da ba ya motsi. Har na ɗauka zan wuce ya kira ni.

"Abu guda, ɗiyata. In sunka ƙyanƙyashe, kar ki haɗa su wuri guda. Tsaka ba ta san ɗan'uwa ba."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ai Kawu bai fahimci aikin ba. Ni da nake yaƙi da raba 'yan'uwa, ni ce zan raba waɗanda suka kwanta bayan agogo ɗaya? Na gaya wa Mama aikin makaranta ne, an ce mu shuka wake mu ga yadda yake tsiro. Haka na rungumo akwatin a cinya tun daga Tsafe, muka wuce dutsen Kwatarkwashi, direba yana ta mita wai gilashi zai yanki fasinja. Don kada a kama ni da ƙarya tsagwaronta, na shuka waken gaske a gwangwanin madara na saka a ciki.

A sito na ajiye akwatin, bayan buhunan masara, inda gwiwar Kaka ba ta kaiwa. Na zuba yashi, na kifa sakaina guda don su sami wurin ɓuya, na jingina wani busasshen reshe, na sa ruwa a murfin kwalba. Kwana goma sha wani abu ina leƙa kwalin ashana safe da yamma. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ɓawo a fashe, ga wasu abubuwa biyu kamar tsinken ashana mai ido sun lafe a jikin audugar.

Na shirya jin ƙyama, sai ban ji ba. Jikinsu garai-garai yake, har kana hango abin da suka haɗiye a ciki. Idanunsu sun yi wa kan girma, ba sa ƙiftawa, sai dai su zaro harshe su lashe idon su mayar, abin da ya sa ni dariya ni kaɗai a sito. Suna hawa gilashi a miƙe kamar a ƙasa suke tafiya. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya kauri tun ranar farko, don haka ban wahalar da kaina da raɗa suna ba: babbar da ƙaramar.

Ciyar da su ya mayar da ni mafarauciya. Sauro sai an kama shi da rai, wanda ya fi kashe shi wuya nesa ba kusa ba. Na koyi kifa kofi a kan ƙuda in zura takarda ta ƙasa. Tsohon ƙyauren bayan gida da gara ta ci, wanda Baba ya shekara yana cewa zai canza, ya zama mini kasuwa. Mama ta ce ba ta taɓa ganin wake mai cin lokaci irin nawa ba. Batun lada kuwa ya ɗan dame ni, don na san ina ciyar da abin da wasu ke neman lada da kashe shi. Na lallashi zuciyata da cewa ni ban yi musu da lada ba, musuna da langa ne.

Kullum bayan azahar nakan shiga sito in rufe ƙofa, in ɗora su a bayan hannuna na dama, daidai inda tabon ƙanwata yake a nata, in ƙirga ɗari a hankali. Ƙafafunsu da sanyi, suna ɗan kama fata. In na gama in ja layi da gawayi a bango. Daga nan in fito in wanke hannu da ruwa kamar kowa, in zauna kusa da Kaka, in ce bismillah, in gutsuro tuwo. Wani lokaci har nakan zaɓo mata kuɓewa mai laushi in tura gabanta, ita kuma ta sa mini albarka. Allah ya yafe mini, daɗin da nake ji a lokacin ba kaɗan ba ne.

A layi na tara ƙanwata ta kama ni. Ta turo ƙofa ta gan ni da tsaka biyu a hannu ina ƙirga sittin da wani abu. Ta buɗe baki za ta yi ihu, na harare ta, ta haɗiye. Ta manne a jikin buhu, don a duniya ba abin da take tsoro kamar halittar nan da aka ce ita ta ɓata mata hannu. Na gaya mata dabarar daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon layukan gawayin. Washegari dai ta zo da gara a murfin robar man shafawarta, ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu.

Maganar Kawu ba ta daɗe ba ta fito. Duk abin da na zuba a akwatin, babbar ce ke fara kaiwa. Ta ci nata, ta ci na 'yar'uwarta, sannan ta shige ƙarƙashin sakaina ta tare ƙofa. Ƙaramar ta koma can saman kusurwa kusa da raga, ta lafe, ƙashin bayanta ya fara fitowa. Na ƙara yawan garar, babbar ta ƙara ƙiba. Na yi mata faɗa da baki kamar mutum, ta lashi idonta ta ci gaba. Duk da haka na ƙi raba su, don taurin kaina a lokacin ya isa a daka gero a kansa. Ina ta ce wa kaina za su saba.

Ba su saba ba. Ranar layi na ashirin da uku muna tsugune ni da ƙanwata, na saki wani ɗan asu a ciki. Ƙaramar, da yunwa ta ishe ta, ta sauko ta cafke. Kafin mu ankara babbar ta fito ta kama ta a gindin wutsiya. Sai ga wutsiya a yashi tana ta wutsil-wutsil ita kaɗai, mai ita kuma ta haye gilashi da dungulmi. Ƙanwata ta toshe baki da hijabi tana kuka ba sauti. Ni na jawo, an kuma gaya mini.

Na yanko kwalin sabulu na raba akwatin biyu, na fasa sakainar kowa ya sami rabi, na ƙaro murfin kwalba. Ina cikin danna kwalin a yashi ƙanwata ta yi magana a bayana.

"Yaya, ita mi ta yi anka ware ta?"

"Ba ta yi komi ba. Don amfaninta na."

Sai da maganar ta fita na ji ko ta wace ce. Haka Kaka take cewa duk lokacin da aka ajiye langa, har muryar ma na kwaikwayo ban sani ba. Kunya ta rufe ni, na kasa juyowa. Na so in yi mata bayanin cewa wannan daban wancan daban, a nan akwai mai cizo, a tabarmar Kaka babu. Amma sai na ci gaba da gyaran kwalin da ya riga ya zauna.

Daga ranar ƙanwata ta karɓi ƙaramar. Takan tsire gara a bakin tsinken tsintsiya ta riƙa kaɗa mata a gaban hanci har ta kama. Cikin mako guda dabba ta murmure. Wata rana na shigo na tarar ta janye hannun hijabi, ta ɗora ƙaramar a kan farin tabon nan, tana ƙirgawa a hankali kamar yadda ta ga ina yi. Wutsiyar ma ta fara tsirowa, gajera, ba tsini, launinta ya fi na jikin haske. Ni na ce ta yi muni. Ƙanwata ta ce ita ta fi son ta haka, ban kuma ja zancen ba.

Layi na arba'in ya faɗo ranar Juma'a, abin da na ɗauka alamar nasara ce. Baba ya dawo daga masallaci, an ci dambu, ana zaune a inuwar tsakar gida, Mama na tsince zogale a bakin kicin. Na yi wanka na musamman na shafa mai. Na je na durƙusa gaban Kaka na miƙa mata hannuwana biyu, na ce ta duba mini ko akwai wani abu. Ta juya su ciki da baya, ta matsa yatsun, ta ce hannu sumul kamar na amarya, sai dai ƙazantar farce. Na ce ta duba nata. Ta duba, ta ce me ya sami nata? Na ce ba komai, ina zuwa.

Na shiga sito na kinkimo akwatin, wake ya yi tsawo har ya tokare raga, na dire shi a gabanta. Na yi jawabin da na kwana biyar ina haddacewa: kwana arba'in, hannun dama, ƙirga ɗari, kwano ɗaya. Ban kai ga inda zan ce saboda haka a mayar da langa kicin ba.

Ban taɓa sanin Kaka na iya miƙewa ba tare da ta dafa bango ba sai ranar. Salati take yi tana kakkaɓe zani, tana tofar da yawu hagu da dama. Takalmin roba ya tashi sama ya sauka a kan raga, murfi ya yi gefe. Babbar, da ba ta taɓa damuwa da kowa ba, ta haye gilashi ta bi bango ta shige bayan indararo, ba mu ƙara ganinta ba. Ƙanwata ta yi wuf ta dumbuzi ƙaramar ta cusa cikin hijabi ta ruga bayan gida, inda ta sake ta a jikin tsohon ƙyauren garar. Mama ta kifa fuska a faifan zogale, kafaɗunta na rawa. Baba ya yi gyaran murya sau uku, ya ce in tashi in ba mutane wuri, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Kaka ta kuskure baki da toka, ta sa aka jiƙo mata irin saiwar da ta ɗura wa ƙanwata a Bungudu, ta shanye tana yamutsa fuska. Sannan ta sa aka kira ni. Ina tafe ina jin cewa ko an dake ni na yi nasara, tunda ga hannu ga shaida.

"Kwana arba'in kinka ce?"

"Awo, Kaka."

"Ita wagga wata huɗu ta yi kahin nata shi hito. Akwai wanda ka yin shekara bakwai. Mi kwana arba'in ka nunawa?"

Wannan kam littafin kimiyya bai shirya ni ba. Ta juya wajen Mama ta yanke hukunci: daga yau ni ma a cire ni daga kwanonta. Mama ta tambaya a ladabce ko a sayo wata langar. Kaka ta ce a kan me za a ɓata kuɗi, su biyun duk tsaka ta taɓa su, a haɗa su wuri guda su ƙarata.

Hukuncin Baba shi ne share sito da wanke bangon gawayi. Ina cikin yi ya leƙo, ya duba bayansa, ya tambaye ni da ƙaramar murya wai da gaske ne suna lasar idonsu.

Da magariba aka kawo tuwon dawa miyar kuka. Langar ta yi mana kaɗan, aka zuba mana a wani kwanon silba. Muka zauna gefen tabarma inda ƙanwata ta saba zama, gwiwa na gugar gwiwa. Ta wanke hannu ta tsaya, ba ta taɓa ba. Na ce mene ne kuma? Ta ce babba ke fara sa hannu. Wata da watanni ke nan ba ta jira kowa ba, amma ba ta manta ba. Na sa hannu, ta janye hijabi har gwiwar hannu ta sa nata. Na sha kaye a gardama a gaban kowa, an kore ni daga kwanon manya, amma ban taɓa cin tuwon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Kafin mu kai rabi har mun fara faɗa a kan wa ya ƙetare gaban wani.

Abin da ban lissafa ba, ita ma Kaka ba ta lissafa ba, shi ne mu uku ne a tabarmar. An cire biyu, saura ɗaya. Tsohuwar da ta tashi cikin 'yan'uwa goma sha wani abu, ta yi aure a babban gida, ta ci da 'ya'ya ta ci da jikoki, ba ta taɓa zama gaban kwano ita kaɗai ba tun da aka haife ta. Ranar farko ta ci loma biyar ta ce miya ba gishiri. Rana ta biyu ta ce tuwon ya yi tauri. Rana ta uku ta raba namanta kashi uku bisa sabo, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta tura kwanon gefe ta ja carbi. Ni a lokacin har da ɗan jin daɗi, ina ganin ta ɗanɗana abin da ta ɗora wa wani. Na taɓo ƙanwata da gwiwar hannu don mu yi dariya tare, sai na ga ita ba dariya take yi ba.

"Yaya, ba daɗi hwa," ta ce a hankali. "Ni na sani."

Ta miƙe ta ɗauki kwanonmu da hannu biyu, ta kai shi tsakiyar tabarma ta ajiye daf da na Kaka, har bakinsu ya haɗu ya yi ƙara. Ta zauna ta ci gaba da ci, ba ta kalli kowa ba. Na matso ina jiran mafici. Kaka ta dubi kwanukan, ta dubi hannun yarinyar da tabonsa a fili. Ta ajiye carbi ta jawo ruwa ta sake wanke hannu. Ta ci loma biyu a nata. Ta uku kuwa a cikin namu ta gutsuro, daga gaban ƙanwata.

Na kasa haƙuri, na ce, "Kaka, wanga kwanonmu na."

"Idona ba shi gani da magariba," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Ci tuwonki."

Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, kuma har ta bar duniya tana duba bayan hannuna duk lokacin da na je gaishe ta. Amma daga wannan magaribar Mama ta koma zuba mana a kwano ɗaya, Kaka kuma ba ta tambayi dalili ba.